Ashe ƙurar hunturu ce

Wata biyu ke nan ina koyon aiki a wani asibiti a Gombe, ina aji huɗu a injiniyancin na'urorin asibiti. Hajiyata har yau "likita" take ce min, na gaji da gyara mata.

Yau aka kawo injin oksijin yana ta ƙara. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Injin ke tsame naitirojin ya ba majinyaci sama da 90. Har na fara lissafin aji a kaina, oga ya ce, "Ɗan makaranta, buɗe bayansa tukuna." Soson tacewa ne ya yi futu-futu da ƙura! Muka wanke, muka shanya, kafin la'asar ya koma ɗakin yara.