Rim sittin da na fitar ba a zauna ba

Makon jiya na miƙa makullin sito da littafin kuɗi, na bar maɗaba'ar gama-kai da mu tara muka kafa a Bauchi. Sharuɗɗa uku muka gina ta a kai: kowa mai gida ne kuma ƙuri'arsa ɗaya, duk aikin da ya haura rim ashirin (rim ɗaya takarda 500 ke nan) sai an zauna an amince, sannan ba ma zuba dattin tawada a kwata. Ni na rubuta sharaɗi na biyu da hannuna, ni kuma na fara taka shi.

A farkon Maris ɗin 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, ana wuni a layin banki a dawo hannu rabbana. Mun yi wata biyu ba mu raba ko sisi ba. Sai ga yaron wani mai neman kujerar majalisar jiha da aikin fosta 30,000, wato rim sittin, babu kafin alƙalami, wai da an gama zaɓe za a biya har da alheri. Takardar da ke sito kuwa ta littattafan rubutu ce da wasu makarantun firamare suka ba mu. Da daddare na kira shugaban da muka zaɓa, ya ce: "Ɗauki kawai, ƙanena, ni zan yi wa sauran bayani." Kwana huɗu injinmu na buga takarda, Kord, bai huta ba.

Aka yi zaɓe ranar 18 ga Maris, mutumin ya faɗi, wayarsa ta daina shiga. A zaman da ya biyo baya na dubi shugaba na ce: "Malam, ba kai ka ce in ɗauka ba?" Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi dai cewa ya yi in duba. Hannu bakwai suka tashi, aka yanke a riƙa cire bashin daga kasona. Ban ja da hukuncin ba, don na karya doka. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu biyu muka yi laifin, mutum ɗaya ya biya.

Kuma biyan ya yi tsada. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, naira ta faɗi, takarda kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita tunda masana'antun Jebba da Iwopin da Oku-Iboku suka durƙushe. Kowane wata rim na ƙara kuɗi, bashina na ƙara tsawo.

Wata safiya a cikin daminar nan na sayi ƙosai a bakin kasuwar Wunti, yarinyar ta naɗe mini a fostarmu. Mai ya jiƙa takardar, jar tawadar hular ɗan takarar ta manne a jikin ƙosan. Mu da muka hana sayar wa masu tsire da ƙosai takarda mai rubutu saboda irin wannan! Na tsaya riƙe da ita, na kasa ci.

Ga mai shirin kafa irin tamu: duk maganar da ta shafi dukiyar jama'a a yi ta a zaure, a rubuta a littafi, ko da da wanda ka fi girmamawa ne. Ɗan siyasa ya biya duka kafin a ɗora filet, wato farantin da ke ɗauke da zanen aikin, a kan inji. Tsumman wankin rola da kananzirinsa a tara a duro mai murfi. Ragowar farar takarda da aka yanke a ɗinke ta ta zama ƙananan littattafai, 'yan makarantar allo da na boko suna so.

Wannan na ƙarshen shawarata ce, kuma har ranar da na fita ana yinta. Na biya kobon ƙarshe kafin na ajiye makulli, ma'ajin da ya gaje ni ya sa hannu a gaban kowa. Shugaba bai zo zaman ba.