Layi ɗaya a fihirisa

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina kula da littafin jagorar Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, na sashenmu. Duk abin da na yi a wurin, layi ɗaya ne a fihirisa ya ƙi barin raina.

Na rubuta "cire laƙabi daga farkon suna", na tura mai karatu wajen lstrip, wani umarnin Python da ke cire haruffa daga farkon rubutu. Wata sabuwar ma'aikaciya ta bi fihirisar yadda ya kamata, ta sa lstrip("Malam ") a kan jerin sunayen da za a buga wa katin shaida. Malam Musa ya koma "usa". Malam Mamman kuwa "n" kaɗai ya rage masa. Ita lstrip ba ta san kalma ba. Haruffan da ka ba ta take bi, ta yi ta cinye su daga hagu har sai ta ci karo da wanda ba ya cikinsu. Wadda ta dace ita ce removeprefix, mai cire kalmar da ka ba ta a dunƙule, da ta zo da Python 3.9 a 2020 saboda irin wannan ruɗani. Na san da ita sarai, gaggawa ce ta hana ni gwadawa.

Sai da katunan suka fito aka lura. Shugaban sashe, wanda da hannunsa ya amince da sa layin, ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Malam, fihirisa ai aikin ɗan koyo ne, shi ma ya gagare ka?" Ban tanka ba. Laifina na amsa shi, amma raina aikin da ya yi har yau yana min ciwo, domin ta fihirisa mutane suke shiga littafin, ba ta shafin farko ba.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka sa layi sai ka gwada shi da sunayen mutanenmu. Wanda ya taso da harshen JavaScript, trim zai nema in yana son cire sararin da ke gefen rubutu, ka kai shi wajen takwararta strip. Alamomi irin % da \n su ma a ba su gurbinsu. Ka kuma tuna sorted, mai jera kalmomi bi da bi, tana jefa ƙ can bayan z.

Wancan layin na mayar da shi biyu, ɗaya zuwa removeprefix, ɗaya gargaɗi a kan lstrip. Misalin Malam Mamman yana nan a ƙarƙashinsa, ko da shugaban ya ce a goge ban goge ba.