Kitsen hanta da kwalbar da na sayo

Bara bayan sallar layya na je aka yi mani sikanin saboda wani nauyi da nake ji a gefen cikina na dama, likita ya duba ya ce hantata ta tara kitse. Na ce likita ni fa ban taɓa kai giya bakina ba! Ya ce ai ba sai da giya ba, ƙiba da suga da zaman wuri ɗaya ma suna kawo shi. Gaskiya ya faɗa, tun safe nake zaune a shago nan Ƙofar Ƙaura, lemon kwalba biyu uku kullum, ga tuwon dare mai nauyi.

Daren nan ban runtsa ba ina ta latsa waya, har na ci karo da binciken da masana na Jami'ar Jihar Oregon a Amurka suka fitar a 2021 kan xanthohumol, wani sinadari da ake samu a furen wani tsiro mai suna hops. Ɓeraye suka ɗora a kan abinci mai maiƙo, waɗanda aka haɗa wa da sinadarin, musamman ɗan uwansa TXN, hantarsu ba ta tara kitse kamar sauran ba, domin yana danne wani furotin mai suna PPAR-gamma da ke sa jiki ajiye kitse. Sai kuma na ga da wannan furen ake sa wa giya ɗaci, gabana ya faɗi. Bayan magariba na tare malam na ce Allah gafarta malam ya halatta? Ya ce tsiro ne kamar inabi, in dai ba ya sa maye ba laifi.

Ai kuwa ban tsaya shawara ba na sa ƙanena ya yo mani odar kafso, kuɗi masu ciwo wallahi, na yi wata guda ina sha ban gaya wa kowa ba har uwargida.

Ranar da na koma na nuna wa likita kwalbar ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce Alhaji wannan sakamakon na ɓeraye ne, a wani gwajin matakin farko da aka yi wa mutane miligiram 24 aka ba masu ƙoshin lafiya kullum har sati 8, don a ga ko yana cutarwa kawai, ba masu kitsen hanta ba ne. Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke rubuce a jiki shi ne a ciki? Akwai irin waɗannan haɗe-haɗen da su da kansu suke lalata hanta. Wannan maganar ce ta fi girgiza ni, hantar da nake son ceto ita nake ɗora wa kaya.

Ya ce in sauke kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina. Lemo na fara bari, da ƙyar, yanzu zoɓo ba suga uwargida ke zuba mani a gora, bayan asuba kuma in taka da ƙafa har Ƙofar Soro in dawo. Kilo shida ya sauka. Har yau ina bibiyar binciken, ina fatan a gwada shi kan masu irin ciwona ya yi kyau. Bayan azumi zan koma sikanin, Allah Ya sa a dace.