Yadda muka haɗa gini biyu da faiba a Tudun Wada

Kebul ɗin intanet na jan ƙarfe, irin Cat6 da muke ja a ofisoshi, iyakarsa mita 100. Da ka wuce nan sai sigina ya fara rauni. A wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wadar Zariya, tsakanin ofishin da rauta take, wato na'urar da ke shigo da intanet, da sabon ɗakin jarrabawar kwamfuta akwai filin taron ɗalibai da jerin azuzuwa, tazarar ta ninka wannan iyaka. Kafin a kira ni an ja kebul ta saman katanga, an dasa ƙaramin siwic, wato akwatin da ake jona wayoyin kwamfutoci a ciki, a tsakiya don ya ƙara wa sigina ƙarfi. Duk rani abin ya yi aiki. Damina na sauka, tsawa guda ta ƙone kafofin siwic na ɓangarorin biyu, ta haɗa da rautar.

Mutane sun fi sanin faiba da nisan zango, amma ni a garin nan tsawa ce babban dalilina. Doguwar wayar jan ƙarfe da ta ratsa fili tana kwasar wuta ko da aradun ba a kanta ta faɗa ba, ta kai ta cikin na'urori ta kowane ƙarshe. Faiba zaren gilashi ce, haske kawai take ɗauka, wutar ba ta da abin bi. Shi ya sa ko tazarar mita 60 ce, muddin gini biyu ne daban, faiba nake ba da shawara. Sai dai a kula, wasu kebul ɗin faiba suna da sulke ko wayar ƙarfe a jiki don ƙarfi. Wannan ƙarfen dole a haɗa shi da ƙasa a bakin gini, ko kuma tun farko a nemi marar ƙarfe.

To amma siwic ɗin makarantar bai san haske ba, kafofin RJ45 na kebul ɗin jan ƙarfe ne da shi kawai. Nan kanbata ta shigo, wato na'urar sauya sigina: ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, gefe guda kafar kebul, gefe guda kafar faiba. Tana karɓar siginan lantarki ta mayar da shi haske, 'yar'uwarta a can ta dawo da shi lantarki. Da mai makarantar ya gan ta sai ya juya ta a hannu ya ce, "Injiniya, wannan ɗan abin ne zai riƙe mana ɗaki guda na kwamfutoci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta riƙe komai, miƙawa kawai take yi, kuma ba ta gajiya."

Wajen saye ake yin asara, don haka a kan kwalin nake daɗewa. Faiba iri biyu ce. Mai alamar SM faɗin cikinta maikiron 9 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tana kai kilomita 10 ko fiye, rigarta yawanci rawaya. Mai alamar MM cikinta 50 ko 62.5, a gudun gigabit ba ta cika wuce mita 550 ba, rigarta ruwan lemo ko shuɗi mai haske. Kanbata dole ta dace da irin faibar. Haka gudu: kafar kebul takan daidaita kanta da abin da aka jona mata, amma kafar faiba ba ta yin haka, mai gudun megabit 100 ba za ta yi magana da mai 1000, wato gigabit, ba. Sannan akwai kanbata masu amfani da zare ɗaya tak, waɗanda suka fi yawa a shagunan Sabon Gari. Su biyu-biyu suke zuwa, A da B. Ɗaya tana aikawa da irin haske mai nanomita 1310 tana karɓar mai 1550, ɗayar akasin haka. Mai shago ya miƙo min guda biyu, na duba ƙasansu duka A ne, nan take muka canza. Masu zare biyu kuwa, TX na nan, wato kafar aikawa, shi ke shiga RX na can, kafar karɓa. Kan jonawa ma da bambanci, shuɗi bakinsa a miƙe yake, kore a karkace aka goge shi, kuma ba a haɗa su.

Haƙa ramin da saka bututun roba bai ɗauke mu lokaci ba. Bututun saboda ɓera ne da masu haƙa nan gaba. A kwana ba mu lanƙwasa faibar da ƙarfi ba, kuma wani abokin sana'a daga Samaru ya zo da injin jonawa ya narka mana kawunan.

Da muka kunna, fitilar PWR ta wuta ta kama, ta TP ta gefen kebul ta kama, ta FX ta gefen faiba ta ƙi. Yarona ya ɗaga kan faibar zai leƙa, na riƙe hannunsa. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya lahanta ido, kuma wannan nake fara koya wa duk wanda ya biyo ni aiki. Ya ce, "Maigida, ko ta karye a rami ne?" Muka sa alƙalamin jan haske a wancan ƙarshen, ya fito nan tas, ashe layin lafiya lau. Lokacin hunturu ya fara, an cire murfin kan jonawa an ajiye shi a kan benci, ƙura ta hau. Kwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanyar da faɗinta maikiron 9. Muka goge da tsumma marar gashi da ɗan sifirit, muka mayar. FX ta kama, ta fara ƙyaftawa.

Abin da ya fi mutuwa a wannan haɗi shi ne ƙaramar adaftar wuta mai bolt 5, saboda yadda wuta ke hawa da sauka da kuma janareto. Na sa kanbata biyun a kan inbata, don in an ɗauke wuta a gefe ɗaya duka layin ya tafi. Kuma irin waɗannan masu araha ba sa ba da wani rahoto, fitilunsu ne kaɗai bakinsu, don haka na koya wa malamin kwamfuta karanta su. Na gaya wa mai makarantar cewa ranar da zai sake sayen siwic ya nemi mai ramin SFP, wato ramin da ake saka 'yar na'urar faiba, faiba ta shiga kai tsaye, a rage akwati da adafta. Kafin wannan rana na bar musu kanbata A da B na ajiya da adafta guda a kabad, na rubuta a jikin kowacce ginin da za ta je.