Takardar da na sa wa hannu a Turkiyya

Bana na jingine takalmi, kuma tun da na dawo gida tambayar yaran filin unguwarmu ɗaya ce: "Yaya, ta ina ake fita waje?" Ni ma haka na yi ta tambaya. Mu da muka taso muna kallon Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, daga can sai CSKA Moscow, ba abin da muke hange sai jirgi. Abin da ke rubuce a takarda kuwa, babu wanda ya dame mu da zancensa.

A shekarata ta biyu a wani kulob na rukuni na biyu a Turkiyya, albashi ya tsaya. Wata ɗaya, biyu, har huɗu. Ina ci musu ƙwallo, ina aika wa Hajiya kuɗin cefane daga ɗan abin da na tara, ban taɓa bari ta sani ba. Duk ranar da na hau ofishin daraktan wasanni sai ya miƙo min shayi a ɗan kofin gilashin nan nasu, ya dafa kafaɗata yana kirana "kardeshim", wato ɗan'uwana, ya ce mako mai zuwa. Da na fara matsa masa sai ga ni a benci. Can kuma aka ce in riƙa atisaye ni kaɗai da sassafe. In zagaya fili ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina, sauran 'yan wasa sai hantsi su iso. Ɗan wasan gaba in ba ya taka leda, farashinsa narkewa yake kamar kitse a wuta, kuma sun san haka sarai.

A watan Janairu, saura kwanaki kaɗan a rufe kasuwar 'yan wasa, wani kulob ya neme ni. Daraktan ya ce a ranar zai sake ni, in dai na sa hannu a takarda guda. Shafi ɗaya ce, da Turkanci. Na kira ejan ɗina, wato wakilina mai nema min kulob, ya ce, "Takardar sallama ce kawai, sa hannu ka wuce." Na sa. Sunanta ibraname, kuma abin da ke cikinta shi ne na karɓi haƙƙina kaf, ba na bin su ko sisi.

Sai daga baya wani abokin wasana ɗan Ghana ya kai ni wurin lauya. Mutumin ya karanta, ya ajiye tabarau, ya daɗe yana kallona. Ashe tun watan Yunin 2018 sashe na 14bis na dokokin FIFA ya ce idan kulob ya riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa zai rubuta masa gargaɗi ya ba shi kwana 15. In kulob ɗin bai biya ba, ɗan wasan yana da ikon soke kwantiragi ya kama gabansa, ya kuma bi kuɗinsa da diyya a kwamitin FIFA mai warware irin wannan rikici, ba tare da ya biya kuɗin shigar da ƙara ba. Kulob ɗin da ya ƙi bin hukunci ana iya hana shi sayen 'yan wasa. Ke nan tun wata na biyu ina da mafita. Daraktan ya san wannan doka duk ranar da yake zuba min shayi. Ejan ɗina ma ya sani, amma kasonsa na cikin sabon cinikin. Ina son in ce na yafe musu, bakina ya ƙi furtawa har yau.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Fasfonka ya zauna a hannunka. Ɗauki hoton kowace takarda. Koyi yaren garin ko na cin abinci ne da gaisuwa. Kada ka yarda a yi maka allura ka buga da rauni a cinya. Nemi ƙungiyar 'yan wasan ƙasar kafin ka shiga matsala, yawancinsu suna ƙarƙashin FIFPRO, uwar ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya.

A sabon kulob ɗin, wasa na uku na karɓi gurbina a gaba, ban sake zama a benci ba har kaka ta ƙare. Wannan kam babu takardar da za ta ƙwace min.

Makon jiya wani yaro ya same ni bayan la'asar da kwantiragi da Faransanci, jikinsa har rawa yake, wai an ce ya sa hannu kafin Juma'a. Na karɓi biron na sa a aljihu, na ce masa gobe da safe ya zo mu je wurin lauya, ni zan biya.