Aljanin da ya cika surutu

A zangon farko na aji uku malamin da ke koya mana ba da umarnin fim ya ɗora mana wani aiki. Kowa ya zaɓi daraktoci biyu masu noma gona ɗaya, ya kwatanta salonsu a rubuce, sannan ya ɗauki fim na minti biyar da zai nuna abin da ya tsinta a wurinsu. Yawancin 'yan ajinmu suka nufi soyayya da barkwanci. Ni na ɗauki ban tsoro, na ce James Wan da Jordan Peele. Ba wani dogon nazari ya kai ni gare su ba. Mai tura finafinai a kasuwar Samaru ya riga ya cika mini waya da aikinsu, ni kuma ba ni da kuɗin data.

Tun kafin in rubuta layi ɗaya na gama yanke hukunci: Wan ne gwani, Peele kuwa mai wa'azi ne da ya samu kyamara. Da na faɗa wa Malam haka a ofis, bai musa ba. Cewa ya yi, "Je ka sake kallonsu, amma ka kashe sautin. In ka gama ka dawo mu yi magana."

Da Wan na fara. Haifaffen Maleshiya ne, a 1977, ya tashi a Ostireliya. Fim ɗin da ya fito da sunansa shi ne Saw na 2004, wanda aka ɗauka cikin kwana 18 da kuɗin da bai fi dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ya kuma kawo sama da miliyan 100. Amma The Conjuring na 2013 na zauna wa, labarin wasu iyali masu 'ya'ya mata biyar da suka tare a wani tsohon gidan gona a jihar Rhode Island ta Amurka a 1971. A da na ɗauka ƙarar da ke fashewa bagatatan ita ce ke razana ni. Da na kashe sautin sai na ga ashe tun da rana tsaka mutumin ya gama ɗaure ni. Ranar tarewa kyamara tana bin yaran daga ɗaki zuwa ɗaki ba yankewa, har ka san inda bene yake, ka san ƙofar da ke kallon wacce, kamar gidan da ka taɓa kwana. Sai ya koya maka wasan yaran: a ɗaure wa ɗaya ido, sauran su ɓuya, ta riƙa nemansu da sautin tafi. Wasa ne mai daɗi, har murmushi za ka yi. Can da dare, uwar tana tsugune a bakin matakalar ɗakin ƙasa da ashana a hannu, hannaye biyu suka fito daga duhun bayanta suka tafa. Tafin nan ba baƙonka ba ne, shi ya sa yake shiga jiki.

Akwai wata fitowa da na maimaita har batir ya mutu. Yarinya ta farka cikin dare tana nuna bayan ƙofa, tana rantsuwa akwai mutum a tsaye. Kyamara ta juya wurin, ta tsaya, ta ƙi tafiya. Babu komai sai duhu. Na ƙara hasken waya har ƙarshe, na kai fuskata kusa, babu komai ɗin dai. 'Yar'uwarta ta tashi ta je ta tsaya daidai wurin don ta nuna mata ba kowa. Duk abin da na gani a bayan ƙofar nan a kallon farko, ni na kai shi da kaina.

Finafinan Wan ba sa shan wahalar shiga Zariya. Wanda ya tashi yana jin kada a zuba ruwan zafi a makwarara ba bisimilla, kada a zauna gindin tsamiya da magariba, ba sai an yi masa bayanin gidan da ke da mutanen ɓoye ba. Inda muke rabuwa da shi shi ne wajen magani. Da aka zo kan gicciye da addu'o'in coci, abokin ɗakina ya yi tsaki ya ce da sun samu mai ruƙiyya tun ranar da kare ya ƙi shiga gidan, da fim ɗin bai kai minti ashirin ba.

Peele kuwa a ɗakinmu ya sha ƙasa. Ɗan New York ne, an haife shi a 1979, kuma da barkwanci aka san shi a talabijin kafin Get Out ya fito a 2017. Kwana 23 aka yi ana ɗaukarsa, da dala miliyan 4.5, ya tara sama da miliyan 250, ya kuma ba shi kyautar Oscar ta rubutun labari na asali a 2018, baƙar fata na farko da ya karɓe ta. Duk wannan bai hana mutum biyu yin barci a kan katifata ba. Na ukun ya yi ta tambaya, "Wai ina aljanin ne?" Saurayi baƙar fata ya bi budurwarsa Baturiya gaishe da iyayenta, an karɓe shi da fara'a, an ba shi abinci, uban har yana cewa da da hali da ya zaɓi Obama karo na uku. Mu a wurinmu wannan ai surukai ne na gari.

Yayata ce ta buɗe mini fim ɗin, ba da niyya ba. Ta zo wankan gida a Tudun Wada, jaririn ya hana ta barci, ta ce in ba ta abin kallo. Ina zaune ina rubutu, ina satar kallonta. Aka zo inda baƙi suka cika falo ana hira da dariya, saurayin ya hau bene, yana ɓacewa kowa ya yi tsit, duk suka ɗaga kai suna sauraron takunsa. Sai ta dakatar da fim ɗin, ta ɗora wayar a cinya.

"Na san wannan shirun," in ji ta.

"Wane shiru, Yaya?"

"Kai namiji ne, ba za ka gane ba. Ka shiga tsakar gida da sallama, a amsa maka da dariya, ka juya ka ji hira ta mutu."

Ba ta ƙara ba, ni ma ban tona ba. Amma daga daren na daina neman aljani a fim ɗin. Na koma kan fuskar 'yar aikin gidan, wadda kyamara ta matso mata har ba wurin gudu, baki yana murmushi ido yana zubar da hawaye. Na lura da cokalin da uwar ke juyawa a kofin shayi, ƙaramin sauti da ba wanda zai zarga. Sannan ƙarshen: saurayin ya tsira da ƙyar, jini a jikinsa, gawarwaki a bayansa, sai ga fitilar mota irin ta 'yan sanda. A kowane fim wannan fitila ceto ce. A nan ita ce abin da ya fi komai tayar da hankali, domin mai kallo a Amurka ya san yadda irin wannan haɗuwa take ƙarewa da baƙar fata. Peele ma ya ɗauki wani ƙarshen da aka kama saurayin, daga baya ya canja. Bai gina wannan tsoron da katako da ƙusa ba. A zukatan mutanensa ya tarar da shi, ya ɗaga murfin kawai.

Kowannensu yana da inda yake ɗingishi, kuma na rubuta hakan. Wan da zarar ya nuna fuskar abin, sai ihu da jifa da kujeru, tsoron ya zama hayaniya. Mutanensa kuma ba ka cika tuna su ba in an kunna fitila. Peele yakan so labari ya ɗauki ma'anar da ta fi ƙarfinsa. A fim ɗinsa Us na 2019, bayanin da ya bayar kan mutanen da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa da zomayensu ba ya jure tambaya biyu.

Rubutun ya yi kyau. Fim ɗin ne ya tona mini asiri. Na ɗauke shi a gidan kakata a Kwarbai, cikin birni, gida mai zaure uku da rijiya da soron da ba a buɗewa. Na naɗe ƙanena da farin yadi, na shafe shi da hoda da kwalli, na sa shi leƙowa daga kowane lungu. A minti biyar ya fito sau tara, kowace fitowa da ƙarar da na sauko da ita daga intanet. Na kai wa Hajiya ta gani, ina jiran salati. Dariya ta yi har tana share ido da bakin mayafi.

"Maigida, wannan aljanin naka ya cika surutu," ta ce. "Kuma ka ce masa ya dawo mini da kwallina."

Na ji haushi, na kwana da shi. Da asuba na tuna yadda take yi mana tatsuniya muna yara. Ba ta taɓa faɗa mana kamannin Dodo ba, ko sau ɗaya. In yarinya ta isa bakin kogi sai Hajiya ta yi shiru, ta tsaya gyara lagwanin fitila kamar ta manta da mu, mu kuwa mun cure wuri ɗaya. Abin da na kashe mako uku ina nema a wurin mutumin Ostireliya, a kan tabarmar nan aka fara yi mini shi.

Kwana shida suka rage, na sake komai. Na sallami ƙanena. Labarin ya koma na amarya a makonta na farko. Da rana matan gida uku suna lugude a tsakar gida, suna yi mata sannu da fara'a; tana shiga zaure sai taɓare su tsaya cak, tana fitowa su ci gaba. Sau biyu na nuna haka, a natse, na bar kyamara ta bi ta har mai kallo ya san hanyar ɗakinta da inda turmin yake kife. Da dare ta fito da buta. Tsakar gida ba kowa. Na bar ta tsaye, na ƙi yankewa, hannuna yana ƙaiƙayi a kan kwamfuta. Sai bugun taɓarya guda ɗaya daga bayanta. Dabarar koyar da sauti da rana ta Wan ce, na sace ta ba kunya, don irin tasa ana iya koyonta kamar ɗinki. Ta Peele ba ta satuwa, sai dai ka je ka nemo taka. Ni a bakin yayata na samo.

Ranar nunawa a aji, da taɓaryar ta sauka wata ɗaliba a layin gaba ta ce "Innalillahi" da ƙarfi, maza suka yi dariya don su ɓoye tasu razanar. Malam ya ba ni maki mai kyau amma ba na ƙoli ba, saboda a daƙiƙar ƙarshe zuciyata ta kasa haƙuri na nuna inuwar hannu a bango. Ya zagaye wurin da jan biro a takardata ya rubuta, "Wa ya tambaye ka?"

Hajiya ba ta ga sabon ba har yau. Ta ce ba za ta kalla ba sai na biya ta turminta, wanda muka tsaga a ɗauka ta goma sha ɗaya.