Mahon da aka yi wa Inna

Shekara biyu Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana fama da ƙaiƙayin gaba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta dafa bagaruwa ta zauna ciki, ta shafa man kaɗanya, duk a banza. Sai da gyambo ya fito ya ƙi warkewa, jini ya fara ɓata mata zane, sannan ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yata, ja ƙofar nan." Da izininta nake wannan rubutu, sharaɗinta kawai kar in faɗi suna.

Daga Tawa aka tura mu Yamai, kilomita fiye da 500 ta Konni da Doso, ita a kishingiɗe don zama ya gagara. A matarniti Issaka Gazoby, asibitin mata da haihuwa, aka yanki ɗan nama aka auna: kansa ce ta fatar bakin farji.

Likita ya ce za a cire ciwon tare da lafiyayyar fata kamar santimita ɗaya kewaye da shi, a kuma cire kaluluwar gindin cinya. Ramin da zai saura ya fi ƙarfin a ja baki da baki a ɗinke. In an matsa, ɗinkin ya ɓarke ko ƙofar ta tsuke. Sai ya zana harafin V a takarda.

Ni ɗinki ne sana'ata, nan take na gane.

"Likita, maho ke nan za ku yi mata?"

Ya yi dariya, ya ce maho ne, amma ba irin nawa ba. Ni nakan yanke ƙyalle ɗungurungum. Su kuwa fatar cikin cinya suke tsagawa a siffar V, su bar ƙasanta manne da jijiyoyin jininta, su turo ta ta rufe ramin, su ɗinke bayanta ya koma Y. Jinin nan shi ne ranta. Shi ya sa kwanakin farko ma'aikatan jinya ke zuwa su danna wurin da yatsa: in ya yi fari ya dawo ja nan da nan, lafiya lau.

Jinyar ce ta fi aikin wuya. Robar fitsari, robobin tsane ruwa, ba zama, ba buɗe ƙafa, salla a kwance. Wani lungu na ɗinkin ya buɗe, na yi kuka a ɓoye, ashe ya saba faruwa, wanki da sauya bandeji suka rufe shi. Da ciwon ya kai kaluluwa, da an haɗa mata da gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, a cibiyar kansa ta Yamai, wadda injinta ya fara aiki a 2021. Allah ya taƙaita, bai kai ba.

Yanzu tana gida, ƙafar hagu takan kumbura da yamma sai ta ɗora ta kan matashi. Duk wata uku muna komawa a duba ta. Jiya ta aiko jikarta da atamfa, wai in ɗinka mata ta tafiya, kuma kar in matse ƙugu.